Taswirar da ke cikin kan ɓera

A samo ƙaton baho mai zagaye wanda faɗinsa ya haura mita ɗaya, a cika shi da ruwa, a zuba madara har ruwan ya yi fari fat yadda ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa. A wani gefe a kafa ɗan dandamali wanda ruwa ya shanye kansa da kamar santimita ɗaya ko biyu. Sai a ɗauko ɓera a sake shi a ciki. Ɓera gwanin iyo ne, amma ba ya ƙaunar zama cikin ruwa, don haka zai yi ta bin bangon bahon yana kartar sa, ya gaji ya ratsa tsakiya, ya sake dawowa, har ƙafarsa ta ci karo da dandamalin ya ɗare. Ranar farko abin kan ɗauki lokaci. Bayan 'yan kwanaki ana maimaitawa, ko daga wane gefe aka sake shi, sai ka ga ya juya ya miƙe ɗoɗar zuwa wurin, alhali ba ya ganin dandamalin, ba ya jin ƙanshinsa, kuma ruwa ba ya riƙe sawu. Ko an cire dandamalin ɗungurungum, zai je daidai inda yake a da, ya yi ta shawagi a wurin yana nema.

Richard Morris ne ya ƙirƙiro wannan gwaji a Jami'ar St Andrews da ke Sukotilan, ya wallafa shi a 1981. Shekara guda bayan haka, shi da abokan aikinsa suka lalata wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓeraye da ake kira hifokamfas, suka mayar da su cikin bahon. Ɓerayen sun ci gaba da iyo lafiya ƙalau, suna kuma son fita kamar sauran, amma sai su yi ta bulayi a cikin ruwan, yau kamar jiya. Idan aka ɗaga dandamalin ya leƙo saman ruwa, suna hango shi suke zuwa. Ke nan idonsu lafiya, ƙafafunsu lafiya. Abin da ya salwanta shi ne sanin inda abu yake a lokacin da ba a ganin sa.

Daga nan mutum zai iya cewa shi ke nan, an gano inda taswira take. Kusan haka jaridu suka yi a 2014, lokacin da aka ba John O'Keefe da May-Britt Moser da Edvard Moser kyautar Nobel, inda kowa ya kama cewa an gano GPS na ƙwaƙwalwa. Sunan ya yi daɗin faɗi, amma ni bai kwanta mini ba. Na'urar GPS jira take tauraron ɗan'adam ya faɗa mata inda take. Ɓera kuwa babu mai faɗa masa. Daga motsin jikinsa yake lissafa inda ya kai, sannan ya dubi abin da ido da hanci da gashin baki suka kawo masa ya gyara lissafin. Kuma aikin a rarrabe yake tsakanin sassa da dama na ƙwaƙwalwa, waɗanda wani lokaci suke tallafa wa juna, wani lokaci kuma kowanne ya ja zarensa.

Tun kafin a iya leƙa cikin ƙwaƙwalwar aka fara gardamar. A farkon ƙarni na 20, yawancin masana halayyar dabbobi a Amurka sun ɗauka ɓera ba ya sanin wuri, haddar juyi kawai yake yi: dama, hagu, dama, abinci. Edward Tolman na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ƙi yarda. A wani gwaji da ya wallafa a 1930 tare da Charles Honzik, an saki wasu ɓeraye cikin akwati mai ruɗaɗɗun lunguna kullum har kwana goma ba tare da an ajiye musu komai a ƙarshensa ba. Suna ta yawonsu kamar ba sa koyon komai. A rana ta 11 aka sa abinci, nan da nan kurakuransu suka zube, suka kamo waɗanda ake ba abinci tun ranar farko. Ashe duk yawon nan suna tattara sanin wurin, dalilin nuna shi ne ba su samu ba. A 1948 Tolman ya kira wannan sani da taswirar cikin kai. Ba shi da hanyar nuna inda take, don haka maganar ta yi shekaru sama da ashirin tana jiran hujja.

Hujjar ta fito daga Landan a 1971. O'Keefe da ɗalibinsa Jonathan Dostrovsky sun dasa sirarran wayoyi a cikin hifokamfas na ɓerayen da ke yawonsu a sake. Wannan sashe a lanƙwashe yake, guda a kowane ɓari na ƙwaƙwalwa, kuma a ɓera yana da girma idan aka kwatanta da sauran sassan. Ƙwayoyin jijiya suna magana da juna ne ta ɗan tartsatsin lantarki, idan kuma aka haɗa wayar da lasifika ana jin kowane tartsatsi a matsayin ƙara. To, ga ɓera yana ta kiwo a kan teburi, lasifika shiru. Ya isa wata kusurwa, sai ƙara ta ɓarke, tas-tas-tas, kamar busasshen itace a wuta. Ya bar wurin, ta yi tsit. Ya dawo, ta sake ɓarkewa. Cikin ƙwayoyi 76 da suka saurara, 8 ne suka nuna wannan hali, kuma mutane da yawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba a lokacin. O'Keefe ya dage, ya sa musu suna ƙwayoyin wuri, a 1978 kuma shi da Lynn Nadel suka fitar da littafi guda suna kafa hujjar cewa hifokamfas shi ne mazaunin taswirar Tolman.

Kowace ƙwayar wuri tana da filinta. Wannan tana farkawa a kusa da ƙofa, waccan a tsakiya, wata a kusurwar gabas. Idan aka haɗa su da yawa sai su rufe wurin baki ɗaya. A 1993 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka saurari ƙwayoyi masu yawa a lokaci guda, wani zubin sama da ɗari, suka nuna cewa daga tartsatsinsu kaɗai ana iya faɗin inda ɓeran yake ba tare da an dube shi ba. Sai dai kada a zaci zane ne a shimfiɗe a cikin kai. Ƙwayoyi biyu da ke maƙwabtaka a ƙwaƙwalwa suna iya zama masu filayen da suka yi wa juna nisa a ɗaki. Taswirar tana cikin wace ƙwaya ce ke aiki tare da wace, ba cikin inda suke zaune ba.

Me ke faɗa wa ƙwayar cewa an iso filinta? Robert Muller da John Kubie sun bi diddigin wannan a Brooklyn a 1987, da kayan aiki marasa yawa: ganga mai launin toka mai faɗin santimita 76, da farin kati manne a bangonta ta ciki, da 'yan ƙwayoyin abinci da ake watsawa don ɓeran ya yi ta zagayawa. Idan aka fitar da ɓeran, aka matsar da katin da rubu'in da'ira, aka mayar da shi, sai duk filayen su juya da rubu'in da'ira, tare, ba wadda ta rage a baya. Idan kuma aka cire katin, filayen ba sa ɓacewa, sai dai su iya karkacewa zuwa wata fuska. Haka nan idan aka kashe fitila alhali ɓeran yana ciki, ƙwayoyin sukan ci gaba da aikinsu a inda suka saba. Wannan ya nuna abubuwa biyu a haɗe. Ido yana ɗaure taswirar a jikin duniya, amma ba ido ne ke saƙa ta ba. Suka kuma ga cewa idan aka sauya wurin sosai, misali daga ganga zuwa akwati mai kusurwa huɗu, sai taswirar ta sauya gaba ɗaya: wasu ƙwayoyin su yi shiru, wasu da suke shiru su farka, sauran su koma filayen da ba su da alaƙa da na baya. A mayar da ɓeran gangar, tsohuwar taswirar ta dawo yadda take. A nan ne sanin wuri da tuna baya suka haɗu, domin sashen da ke cewa ga inda kake shi ne kuma ke cewa ka taɓa zuwa nan.

Sanin inda kake ba ya wadatarwa idan ba ka san ina ka fuskanta ba. A 1984 James Ranck ya ci karo da wasu ƙwayoyi a wani sashe da ke maƙwabtaka da hifokamfas, mai suna fostsubikulum, waɗanda ba ruwansu da wurin da ɓeran yake. Abin da ya dame su shi ne inda kansa ya nufa. Jeffrey Taube ya yi musu cikakken nazari a 1990 tare da Muller da Ranck. Ƙwaya ɗaya tana tartsatsi duk lokacin da kan ya dubi wata fuska, ko ɓeran yana tsakiyar ɗaki ko yana lungu, ya juya kaɗan ta yi shiru wata ta karɓa. Bari mu kira su ƙwayoyin alƙibla. Ba maganaɗisun ƙasa suke bi ba kamar kamfas, domin su ma idan aka juya farin katin nan sai su juya tare da shi.

Asalin wannan saƙo yana can cikin kunne. A kunnen ciki akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa da ruwa a cikinsu, waɗanda ke jin duk wani juyin kai. Saƙonsu yana shiga ta gindin ƙwaƙwalwa, ya bi ta wasu ƙananan cibiyoyi, ya hau zuwa ɓangaren gaba na talamas, wata cibiya da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, daga nan ya isa fostsubikulum. A hanya ake tara juyin: kai ya juya kaza zuwa dama, sannan kaza zuwa hagu, saboda haka yanzu ga inda aka dosa. Da aka lalata wannan gaɓa ta kunnen ciki a ɓeraye, ƙwayoyin alƙibla na talamas sun rasa alƙiblarsu, duk da cewa idon ɓerayen yana gani sarai. Wannan sakamako yana burge ni ƙwarai, domin mu da muka dogara da ido mukan ɗauka gani ne ke faɗa mana gabas da yamma.

Saura nisa. Ɓeran da ya fito daga rami cikin duhu, ya yi ta karkace-karkace har ya tsinci abinci, yakan koma ramin ta gajeriyar hanya, ba ta inda ya biyo ba. Hakan ba zai yiwu ba sai yana tara nisan da ya ci a kowace fuska. May-Britt da Edvard Moser, a birnin Trondheim na ƙasar Nowe, sun yi tunanin cewa idan hifokamfas yana karɓar irin wannan lissafi, to a duba ƙofar da yawancin saƙonni ke shigo masa ta ita, wato ɓawon ƙwaƙwalwa na entorinal. Suka sa wayoyinsu a sashensa na ciki, can sama inda ba a cika dubawa ba. Da farko suka ga ƙwayoyi masu filaye da yawa maimakon ɗaya. Da suka faɗaɗa wurin gwajin zuwa fili mai faɗin mita biyu, sai siffar ta bayyana, suka wallafa ta a 2005 tare da Torkel Hafting da Marianne Fyhn da Sturla Molden.

Yana da kyau mutum ya tsaya ya kwatanta abin a ransa. Ɓera yana ta yawo ba tsari, nan da can, yana bin ɓarɓashin abinci. Kwamfuta tana zana sawunsa, wanda ya cakuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Duk inda ƙwayar ta yi tartsatsi sai a ɗiga ja. Bayan minti goma ko ashirin, ɗigon ja ya taru tsibi-tsibi, kuma tsibin a jere suke da tazara iri ɗaya, kowanne yana da maƙwabta shida kewaye da shi, kamar ramukan saƙar zuma. Babu wani abu mai kusurwa shida a ɗakin, babu shi a tafiyar ɓeran. Ƙwaƙwalwa ce ta shimfiɗa wannan raga a kan fili, shi ya sa ake ce musu ƙwayoyin raga. A saman sashen tazarar ba ta wuce santimita 30 zuwa 50 ba, idan aka gangara ƙasa tana faɗaɗa har ta kai mitoci. A 2012 aka gano cewa faɗaɗar ba a hankali take tafiya ba, tsalle take yi rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fi na bayansa da kusan ninki 1.4. Irin wannan bambanci na sama da ƙasa yana nan a hifokamfas ma. Da aka sa ɓeraye gudu a kan layi mai tsawon mita 18, filayen ƙwayoyin sama ba su kai mita ɗaya ba, na can ƙasa kuwa sun kusa mita 10.

A wannan sashe na entorinal aka kuma sami ƙwayoyin iyaka a 2008, masu farkawa idan ɓera ya kusanci bango ko bakin teburi, da ƙwayoyin sauri a 2015, waɗanda tartsatsinsu ke ƙaruwa daidai da ƙaruwar gudunsa. Alƙibla, sauri, iyaka, raga, duk a wuri ɗaya. Amfanin iyakar ma a fili yake: duk lissafin da aka gina a kan tara motsi yana tara kuskure, ɗan kaɗan a kowane taku, don haka dole a riƙa samun abu tsayayye da za a daidaita da shi.

Da aka gano ragar, sai masana da yawa suka yi saurin zana tsani: kunne da ƙafa su ba da motsi, entorinal ya saƙa raga, hifokamfas ya haɗa ragogi ya fitar da wuri. Tsanin ya yi kyau a takarda, amma ɓera bai bi shi ba. A 2013, a ɗakin binciken Moser ɗin kansa, aka sa wa hifokamfas magani ya yi barci na ɗan lokaci, sai ragar ta wargaje, wasu ƙwayoyinta ma suka koma bin alƙibla kawai. Da wasu kuma suka lalata sashen entorinal na ciki, ƙwayoyin wuri ba su mutu ba, filayensu ne suka faɗaɗa suka rage tsayuwa. Jariran ɓeraye ma sun ba da tasu shaida. A 2010 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Landan ɗaya a Trondheim, suka saurari 'ya'yan ɓera da suka fara fita daga sheƙa suna da kwana 16 ko kusa da haka, ba su daɗe da buɗe ido ba. Ƙwayoyin alƙibla sun riga sun nuna kamar na manya, ƙwayoyin wuri suna nan ko da yake ba su gama kaifi ba, ragar ce ta zo daga baya, wajen mako na uku zuwa na huɗu. Abin da ake zaton shi ne tushe, shi ya zo a ƙarshe. Saƙo zagayawa yake tsakanin sassan nan, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. An kuma nuna cewa idan aka toshe saƙon alƙibla daga talamas ragar tana lalacewa, haka ma idan aka tsayar da wata cibiya mai suna seftum, wadda ke kaɗa wa hifokamfas wani kiɗan lantarki mai bugu kusan takwas a daƙiƙa duk lokacin da ɓera ke tafiya.

Duk wannan labarin taswira ne. Amma akwai wata hanyar zuwa wuri da ba ta buƙatar taswira, kuma gwajin da ya fi fito da ita fili shi ne wanda na fi so a wannan fanni baki ɗaya. Mark Packard da James McGaugh ne suka wallafa shi a 1996. Akwati ne mai hannuwa huɗu kamar mararraba. An toshe hannun arewa. Kullum ana sakin ɓera daga kudu, abinci yana yamma, don haka kullum hagu yake juyawa. Tambayar ita ce, me ya koya? Abinci yana can wajen, ko kuwa in ka isa mararraba ka yi hagu? Daga kudu amsoshin biyu wuri ɗaya suke kaiwa. Sai a rana ta 8 aka toshe kudu, aka sake shi daga arewa. Yanzu mai bin wuri zai yi dama ya isa yamma, mai bin sabo zai yi hagu ya faɗa gabas. Yawancin ɓerayen suka yi dama. Aka ci gaba da horon kamar da, a rana ta 16 aka sake gwadawa daga arewa. Wannan karon yawancinsu hagu suka yi. Sabo ya karɓe ragama.

Ba a nan suka tsaya ba. Kafin gwajin sun ɗiga wa wasu ɓerayen lidoken, maganin nan da likitan haƙori ke kashe dasashi da shi, kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa. Waɗanda aka sa wa a hifokamfas a rana ta 8 sun rasa zaɓi, wasu dama wasu hagu. Waɗanda aka sa wa a wani sashe mai suna sitirayatam a rana ta 16, wanda shi ke riƙe da ayyukan sabo, sai suka koma yin dama, suka nufi yamma inda abincin yake. Ashe taswirar ba ta goge ba, tana nan daram, an dai danne muryarta ne. Wannan ya sasanta tsohuwar gardamar Tolman da abokan hamayyarsa ta hanyar da babu wanda ya zata: kowa yana da gaskiya, sashen ƙwaƙwalwar da kowannensu ke kallon aikinsa ne ya bambanta. Duk wanda ya taɓa yin niyyar biyawa wani wuri a hanya, amma ya farga ƙafarsa ta kai shi inda ya saba zuwa kullum, ya san wannan ja-in-ja daga ciki.

Akwai wasu sassan da ke da hannu, zan taɓa su a gurguje. Ɓawon ƙwaƙwalwa na farayetal yana bin matakan hanya, wato kashi nawa aka ci, wane juyi ke tafe, ko da an ɗauke akwatin an kai shi wani gefen ɗaki. Na retirosifiliniyal ana ganin shi ne tafinta tsakanin abin da ke hagu ko damana da abin da ke gabas ko yammacin ɗaki. Entorinal na waje ya fi kula da abubuwan da ke cikin wurin da ƙanshinsu. Ɓawon gaba kuma yana shiga maganar idan akwai zaɓi ko doka da za a riƙe.

Abin da ya fi kusa da abin da za mu kira tunani yana faruwa ne lokacin da ɓeran ya tsaya cak. Tolman ya lura cewa ɓeran da bai gama sanin hanya ba yakan ja birki a mararraba, ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya sake leƙa dama. A 2007 Adam Johnson da David Redish na Jami'ar Minnesota suka saurari hifokamfas a daidai wannan lokaci. Ɓeran yana tsaye, amma ƙwayoyin wuri suna farkawa bi da bi kamar yana tafiya cikin hannun dama, sannan su dawo su bi na hagu. Taswirar ta riga jiki yin gaba. A 2013 Brad Pfeiffer da David Foster suka ga cewa kafin ɓera ya tashi zuwa wurin abincin da ya sani a buɗaɗɗen fili, jerin ƙwayoyin yakan zana hanyar zuwa can cikin ƙiftawar ido, kuma sau da yawa ita ce hanyar da zai bi. A barci ma haka. Tun 1994 Wilson da McNaughton suka nuna cewa ƙwayoyin da suka yi aiki tare da rana sukan sake yi tare bayan ɓeran ya kwanta, daga baya aka ga cewa jerin tafiyar ne ake maimaitawa a matse, cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Da aka riƙa katse waɗannan maimaici da ɗan lantarki yayin barci, a wani gwaji na 2009, ɓerayen sun yi jinkirin koyon inda abinci yake.

Ba don ɓera kaɗai ake wannan wahala ba. An sami ƙwayoyin wuri a ƙwaƙwalwar mutane a 2003, a wajen masu farfaɗiya da aka dasa wa wayoyi saboda shirin tiyata. A 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa ɓangaren baya na hifokamfas ya fi girma a direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi. Sannan ɓawon entorinal yana cikin wuraren da cutar mantuwa ta Alzheimer ke fara ci, kuma ɓacewa a hanyar da aka sani shekara da shekaru tana cikin alamunta na farko. Duk wanda ya ga dattijo ya tsaya a kan layin gidansa yana waige-waige bai san ina zai nufa ba, zai gane dalilin da ya sa nake ganin ɓeran cikin baho ya cancanci a kula da labarinsa.

Sai dai akwai inda nake ganin ya kamata a yi taka-tsantsan. Kusan duk abin da aka faɗa a sama an gano shi ne a cikin akwati mai santsin ƙasa, mai tsabta, wanda bai wuce mita ɗaya ko biyu ba. Ɓeran gaske a rami yake rayuwa, yana hawa yana sauka, yana bin matsattsun lunguna cikin duhu. Da aka fara matsar da gwajin kusa da irin wannan rayuwa, kyakkyawar ragar nan ta fara sauya kama. A 2009 aka sa ɓeraye cikin akwatin da aka yanyanka da bangaye zuwa dogayen lunguna masu komowa, sai ragar ta kakkarye, tana sake farawa a kowace kwana. A 2015 aka sa su cikin akwati mai faɗi a gefe ɗaya da tsukewa a ɗayan, sai ta karkace ta wajen tsukakken. A ɗakin binciken Kate Jeffery a Landan kuma aka gina musu wani keji na sanduna da aka harɗe sama da ƙasa da gefe, yadda za su iya hawa ta kowace fuska, wayoyin kansu suna aika saƙo ta iska. Ƙwayoyin wuri sun riƙe filayensu, kowace da ɗan dunƙulen sararinta a cikin kejin. Ƙwayoyin raga ma sun ci gaba da tartsatsi a wurare da dama, amma sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna filayen nasu a warwatse suke, babu jerin saƙar zuma, alhali ɓerayen suna ta hawa da sauka a kan sandunan suna tsintar abincinsu.